Babi na 7: Waƙoƙin da Shekararsu ta Tsallake

Da zarar Disamba ta kama, sai a shiga lissafi. Gidajen rediyo su jero waƙoƙi goma da suka fi tashe, 'yan jaridar nishaɗi su fito da nasu jerin, Spotify kuma, kamar yadda ta saba tun 2016, ta aiko wa kowane mai sauraro da sakamakonsa na shekara: ga waƙar da ka fi juyawa, ga mawaƙin da ya fi cin datarka, ga yawan mintunan da ka ƙona. Matasa su ɗora a sitatus, a yi ta musu har shekara ta fita. Duk wannan lissafi abu guda yake aunawa, wato sau nawa aka kunna. Wanda yake neman waƙar da ta fi kyau ya zo wurin da ba a sayar da ita.

A duba yawan kayan da ake zubawa a kasuwar tukuna. Kamfanin Luminate na Amurka, mai ƙididdigar harkar kiɗa, ya ce a 2023 ana ɗora sababbin waƙoƙi fiye da dubu 100 kowace rana a manhajojin sauraro. In kowacce minti 3 ce, waƙoƙin yini guda kaɗai za su ci wa mutum fiye da wata 6 yana ji ba dare ba rana. A rahoton nan dai, cikin waƙoƙi miliyan 184 da ke jibge a manhajojin, fiye da miliyan 45 ba wanda ya kunna su ko sau ɗaya a shekarar, har da masu su. Saboda haka tsallake waƙa ba wani abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne yadda 'yan ƙalilan suke tsira, da kuma wa ke tsirar da su.

A ƙasar Hausa ba boyayye ba ne. Masu ɗaga waƙa a yau uku ne: gidan biki, ɗan siyasa, da TikTok. Mai kiɗan biki yana son abin da zai tayar da ƙawayen amarya daga kan kujera, ya sa a yi liƙi. Ɗan siyasa yana son sunansa a baki, da habaici ga abokin hamayya, kuma yana da kuɗin da zai sa a yi ta zaga gari da lasifika a kan mota. Duk wanda ya ga shekarar zaɓen 2023 ya san yadda muryar Dauda Kahutu Rarara ta cika tituna. TikTok kuwa ba ruwanta da waƙa ɗungurungum. Gutsure take so, 'yan daƙiƙoƙi da za a iya takawa ko a kwaikwayi baki a kai. A 2020, lokacin kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta zaga ko'ina bayan matan aure sun yi ta ɗaukar bidiyo suna taka ta a gaban mazajensu, malamai suka yi magana, magana ta ƙara mata kasuwa. A 2022 Ado Gwanja ya yi irin wannan tashe da "Warr" da "Chass". Ba na raina waƙoƙin nan. "Jaruma" tana da karin da ke maƙale wa mutum a kai, kuma wanda ya iya sa mutane rawa a shekarar da aka rufe masallatai da kasuwanni ya yi aiki. Amma a lura da abin da ya haɗa su: kowacce tana da aikin da take yi a bainar jama'a.

To ina waƙar da ba ta da irin wannan aikin? Akwai waƙar da direban tirela ke ji shi kaɗai tsakar dare a hanyar Kontagora, da wadda tela ke maimaitawa ƙasa-ƙasa yana kan keke ana saura kwana biyu Sallah, da wadda bazawara ke sawa a kunne ba ta son kowa ya san tana ji. Irin waɗannan ba a taka su, ba a yin liƙi a kansu, sau da yawa gindinsu ba ya zuwa sai an yi minti guda ana shimfiɗa. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun saba sakin albam mai waƙoƙi da dama a tashi ɗaya. Ɗaya ko biyu ake yi wa bidiyo, su ne ake kai wa rediyo, su ne masu tura waƙa a waya ke sawa a gaba. Sauran suna nan a lamba ta bakwai da ta tara, kuma a ganina can ne mawaƙi ya fi sakin jiki, domin ba ya tunanin mai biki ko mai gida. Can za ka ji baitin da aka zauna aka saƙa, da maganar da ba za ta yi daɗi a lasifika ba. In aka tambaye ni waƙoƙin da na fi so a kowace shekara, daga wannan layin na baya nake ɗebowa.

Ko a da ma ba a rasa mai tacewa ba. Zamanin shirin zaɓi sonka na rediyo, 'yan zaɓen waƙa su ne masu kasuwa. Su sayi kati, su jero sunayen abokai da 'yan uwa, su nemi a sa musu waƙa a Rediyon Kaduna, kuma kusan kullum waƙar da suka riga suka ji suke nema. Haka aka yi ta juya 'yan waƙoƙi ƙalilan har suka zama su ne mawaƙin. A ce Ɗanmaraya Jos, sai a ce "Karen Mota". A ce Shata, sai a ce "Bakandamiya". Alhali Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi waƙoƙin da shi kansa bai riƙe adadinsu ba, da yawa a filin wasa ya yi su nan take, in ba a ɗauka a ranar ba shi ke nan. Bambancin da da yanzu shi ne, a da mai gabatar da shiri mutum ne mai kunne, yana iya ƙin bin kati ya zaro wani faifai daga ƙasan tari don ransa ya so. Manhaja ba ta da wannan son rai. Abin da mutane suka tsaya a kai take ƙara turo musu, Spotify ma ba ta lissafa an ji waƙa sai an kai daƙiƙa 30, shi ya sa masu situdiyo yanzu suke gaya wa yaro ya jefo amshi tun a farko.

Akwai kuma wata tsallakewar da ta fi wannan ciwo, wadda za a ji waƙa sarai amma a tsallake mai ita. Masana'antar fim ta Kano ta yi shekaru a haka. Jarumi da jaruma su bi waƙa da baki a cikin lambu, 'yan kallo su riƙe fuskokinsu, masu muryar kuwa, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, sai wanda ya tsaya karanta sunaye a ƙarshen kaset. Mai fiyano da ya haɗa kiɗan ma ba a zancensa.

Ban san labarin da ya fi nuna wannan kamar na Mamman Sani na Yamai ba. A wajen wani taron UNESCO ya ga wani wakilin ƙasar Ruwanda da ogan mai lantarki ƙirar Italiya, Orla, ya lallashe shi ya sayar masa. A shekarun 1970 ke nan, lokacin da irin wannan na'ura ba ta da yawa a Nijar. Ya zauna ya koya wa kansa, yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na ƙasar yana zuba su a cikin ogan, yana kuma ƙirƙiro nasa. A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa aka ɗauki kiɗansa, da nufin a fitar a kaset tare da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu. Shirin bai yi nisa ba, 'yan kaset kaɗan ne suka fita. Amma kiɗan bai mutu ba. Rediyo da talabijin suka mayar da shi abin cike gurbi tsakanin shiri da shiri, ana sa shi kafin labarai ko in an sami tsaiko. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin sa suna shan shayi, ya zama kamar gishiri a miya, kowa na ci ba mai tambayar daga ina. Sai a 2013 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, wanda ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya sake buga shi a faifan garmaho. Shekara 35 tsakani. Daga nan aka fara gayyatar Mamman Sani wasa a Turai.

Wanda bai taɓa ji ba ya nemi "Salamatu" a cikin faifan. Ba murya, ba kalma ko ɗaya. Ƙaramin bugu ne na na'ura yana tafiya a hankali, ogan yana bin sa da kari guda da yake komawa kansa, kowane zagaye da ɗan sauyi. Ba gwaninta ce ta yatsu ba, kuma wanda ya saba da kiɗan situdiyon yau zai ce ai wannan ba a gama haɗawa ba. Ni kuwa wannan rashin cikar ne yake kama ni. Mutum ne shi kaɗai da baƙuwar na'ura, yana neman yadda zai sa ta yi maganar garinsu, kuma ana jin neman a cikin kiɗan. Ba wani jerin ƙarshen shekara na 1978 da zai ɗauke shi, domin ba a rawa da shi, ba ya yabon kowa.

Labari na biyu daga Sakkwato ya taso, abin da Hausawa da yawa ba su sani ba. A 2008 wani matashin Ba'abzine daga yankin Abalak, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya tsallako iyaka ya shiga situdiyo a Sakkwato. Masu situdiyon suka yi masa aiki irin wanda suka saba yi wa mawaƙan fim: bugun kwamfuta, da ototun mai lanƙwasa murya har ta koma kamar ta ƙarfe. Jita ta Abzinawa da harshen Tamashek suka hau kan kiɗan fim ɗin Hausa. Albam ɗin, mai suna Anar, ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin, ba shago, ba rediyo. Ta bulutut da memori ya yi tafiya, daga waya zuwa waya, a tasha da majalisar shayi da bayan mota, har ya kai arewacin Mali. A garin Kidal Kirkley yake zama da kwamfutarsa yana musayar waƙoƙi da matasa, ya ba su nasa su ba shi nasu, a nan ya samu ɗaya daga ciki, "Tahoultine". Ya sa ta a wani faifai na waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, bayan ya sha cigiyar masu waƙoƙin, tunda fayil ɗin da ya bi ta hannu ɗari ba ya zuwa da cikakken suna balle lambar waya. Yau Mdou Moctar yana cikin sanannun makaɗan jita na duniya, yana tare da kamfanin Matador na Amurka, albam ɗinsa Afrique Victime na 2021 ya shiga jerin ƙarshen shekara na manyan mujallun kiɗa. Jerin da bai san da shi ba a 2008 shi ne yake rububinsa bayan shekara 13. Ni dai har yanzu na fi son na Sakkwaton, da duk ƙarfe-ƙarfen muryarsa, don a can ne ake jin iyakar Illela da Birnin Ƙonni a cikin waƙa.

Irin wannan ya faru a wurare da dama. Ata Kak, ɗan Gana, ya ɗauki albam ɗinsa Obaa Sima a Toronto, ya fito a 1994, aka buga kaset kimanin 50, kusan ba a sayar ba; wani ɗalibi Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya sayi guda a bakin titi a Cape Coast a 2002, ya yi shekaru yana neman mai shi, aka sake fitarwa a 2015. William Onyeabor na Inugu ya bar kiɗa ya koma kasuwanci da coci kafin kamfanin Luaka Bop ya tattara waƙoƙinsa a 2013. Sixto Rodriguez na Detroit ya yi albam biyu a 1970 da 1971, ba su yi kasuwa a Amurka ba, ya koma aikin ƙarfi a gine-gine, bai san cewa a Afirka ta Kudu ana kwafar waƙoƙinsa gida-gida har ana cewa ya mutu ba, sai da masoya suka gano shi ya je ya yi wasa a Cape Town a 1998.

A duk labaran nan kyan waƙa bai isa ya cece ta ba. Sai da aka sami kwafi da ya rage a wani wuri, kaset a kan tebur ko fayil a memori, aka kuma sami mutum guda da abin ya dame shi har ya tashi ya bi sawu. Wani zai ce, me ya sa kullum Bature ne mai bin sawun? Tambayar tana da ɗaci, amma ba ta cika gaskiya ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana bin makaɗa da mawaƙa yana rubuta waƙoƙinsu a Diwanin Waƙoƙin Baka. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, kuma aikin ya haɗa da farautar waƙoƙin da suka warwatse a hannun mutane. Akwai tsofaffin masu sayar da kaset a Kano da Katsina da Maraɗi waɗanda abin da ke cikin kwalayensu ya fi na wasu gidajen rediyo. Abin da baƙon ya fi mu da shi shi ne kamfani, da hanyar kai faifai shago a Landan da Tokiyo, da 'yan jarida masu jiran ya ba su labari. Namu masu adanawar suna da kayan, ba su da kasuwar. Yaron da ke zaune da kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yana tura waƙa a waya, wanda mawaƙa ke kuka da shi da gaskiyarsu don yana cin guminsu, shi ne kuma sau da yawa kaɗai yake da cikakken albam ɗin da aka yi shekara goma da ta wuce. Ban san yadda za a raba wannan gardama ba tare da an zalunci ɗaya ba.

Za a ce ai yanzu intanet ta ɗauke wannan wahala, tunda ita ma tana tono tsofaffin waƙoƙi. Tana yi. "Love Nwantiti" ta CKay ta fito a 2019, sai a 2021 TikTok ta ɗauke ta ta kai ta ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Wata waƙar Kate Bush ta 1985 ta hau lamba ɗaya a Ingila a 2022 bayan an sa ta a wani fim mai dogon zango na Netflix. Sai dai waɗannan ba ɓatattu ba ne. Ta Kate Bush ta kai lamba uku tun a shekarar da ta fito, ta CKay kuma tana da kamfani a bayanta. Dukansu suna zaune a manhaja da sunan mai su da komai, suna jiran a taɓa. Na'ura tana tayar da abin da ke hannunta ne kawai. Waƙar da wani yaro ya yi a situdiyon unguwa a Gusau ko Damagaram, ya tura wa abokai ta WhatsApp, ba ta cikin wannan rumbu, ko da ta fi su kyau.

Kuma kwafin zamani ya fi kaset saurin mutuwa. Kaset yana iya shekara 30 a cikin kwali, ya yi ƙura, zare ya tsinke a ɗaura, a ji. Memori in ya lalace ya tafi da komai lokaci guda. Waya ta faɗa ruwa, kwamfutar situdiyo ta ƙone da wutar da aka kawo da ƙarfi, mai situdiyo ya goge tsohon aiki don ya sami wurin sabo. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2019 MySpace ta amsa cewa ta rasa waƙoƙin da aka ɗora mata tsakanin 2003 da 2015 wajen sauya rumbun ajiya, abin da aka ƙiyasta ya kai waƙoƙi miliyan 50. Waƙar bara da aka tsallake tana iya ɓacewa kafin mai bin sawunta ya gama makarantar firamare.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika son yi ba in ana zancen waƙar da aka so. Tun 2024 Spotify ba ta biyan ko sisi a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba. Kuɗin yana komawa tukunyar da manya ke rabawa. Wato waƙar layin baya, ko ta shiga manhaja, kyauta take aiki. In kuma an yi sa'a ta farfaɗo, wa zai karɓa? Kate Bush ita ke riƙe da haƙƙin waƙarta, ribar ta zo mata. Rodriguez kuwa shekarun da aka yi ana sayar da faifansa a Afirka ta Kudu bai ga kuɗin ba. A YouTube yau akwai ɗimbin waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge da Haruna Uji waɗanda wasu suka ɗora, wani lokaci da sunan da ba nasu ba, wani lokaci an manna hoton wani mawaƙin daban. Masu ɗorawar sun yi taimako, don ba don su ba da yaran yanzu ba su ji ba, amma in akwai kuɗin talla ba lallai ne magada su san da shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bai wa waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka waƙoƙin Shata suna hannun magadansa har ƙarshen 2069. Ɗaukar sautin kuwa, wato abin da ke kan faifai ko kaset, shekara 50 ce kawai daga lokacin da aka fara fitar da shi. Faifan da aka buga a farkon shekarun 1970 wa'adinsa ya riga ya cika, na sauran shekarun kuma suna biye, ɗaya bayan ɗaya kowace Disamba.